Injiniyan Manhaja Mai Iyali A Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira: Sana'ar Ce Ke Mutuwa Ko Kiɗan Ne Ya Sauya?

Shin da gaske ne ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta kusa raba masu rubuta manhaja da abincinsu? In haka ne, magidancin da ke biyan haya da kuɗin makarantar yara da wannan sana'a, da mai jegon da ke lissafin ranar komawa bakin aiki, ina suka dosa? Tambayar tana yawo tun ranar 30 ga Nuwamban 2022, ranar da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, amma da farko a tsakanin 'yan sana'ar take. Yanzu ta shigo tsakar gida. Ƙanina da ke aji biyu a jami'a, yana karanta kimiyyar kwamfuta, ya tare ni a zaure ranar sallah ya ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, in ci gaba ko in nemi canjin kwas tun da wuri?" Hajiyarmu ma, wadda har gobe abin da ta sani game da aikina shi ne "yana danna kwamfuta Turawa na biyan sa", ta ji a rediyo, ta kira ni ta ce, "An ce an yi injin da ya gaje aikin naku, da gaske ne?"

Masu ba da amsa sun rabu biyu. Akwai masu cewa an gama, kowa ya nemi wata hanyar. Akwai masu cewa kurari ne kawai na 'yan kasuwa. Kowannensu ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, sai dai duk sun tsallake wurin da abin ya fi yi wa mai iyali ciwo, wato lokaci.

Me injiniyan yake yi, me na'urar take yi?

Manhaja jerin umarni ce da ake rubuta wa kwamfuta cikin wani harshe na musamman, irin su Python da Java da JavaScript. Wannan rubutun shi 'yan sana'a ke kira kod. Mutane da yawa sun ɗauka aikin injiniya shi ne ya zauna ya yi ta buga kod daga safe zuwa yamma. Wanda ya yi aikin ya san bugawar ita ce mafi sauƙi. Yawancin yini yana tafiya ne wajen gano abin da mai aikin yake so, domin sau tari shi kansa bai gama sani ba, da karanta abin da wasu suka rubuta shekaru biyar da suka wuce suka bar kamfanin, da neman dalilin da ya sa abin da ya yi aiki jiya ya ƙi yau.

Ita kuwa ƙirƙirarriyar basirar da ake magana, wadda aka fi sani da AI, manhaja ce da aka horar da tarin rubutu mai yawan gaske, ciki har da kod ɗin da mutane suka wallafa a fili, har ta ƙware wajen hasashen abin da ya kamata ya biyo bayan abin da aka rubuta. Ta zo mana hawa-hawa. A 2021 GitHub, dandalin da masu manhaja ke ajiye kod, mallakar Microsoft, ya fito da Copilot, wanda kana fara layi yana ƙarasa maka. ChatGPT ya kawo salon hira: ka bayyana matsala, ya ba ka amsa. Zuwa 2025 aka shiga zamanin waɗanda ake aika kamar ɗan aike, irin su Cursor da Claude Code da Codex, ka ba su aiki su buɗe fayiloli, su rubuta, su gwada, su gyara, su dawo maka da sakamako.

Bari in ba da misali daga teburina. Kwanaki na sa ɗaya daga cikin waɗannan ya rubuta min ɓangaren da ke cire kuɗi daga asusun mai saye. Na ce masa idan netwok ya katse a sake gwadawa. Kafin in gama kurɓar shayi ya kammala, rubutu tsaf, gwaje-gwajen da ya haɗa duk sun wuce. Da na zauna karantawa sai na ga bai tanadi hanyar tabbatar da ko cirewar farko ta riga ta shiga kafin katsewar ba. Duk wanda POS ya taɓa zare masa kuɗi sau biyu, ya yi mako uku yana zaryar banki, ya san ma'anar wannan ƙaramin giɓi. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da na ce ta yi. Abin da ban faɗa ba, wanda tsohon hannu ya sani saboda an taɓa tashinsa ƙarfe biyun dare a kansa, shi ne ba ta kawo ba. Da na nuna mata, nan take ta gyara. Amma sai da aka samu mai nunawar. Kuma da abin ya fita haka, ba na'urar za a kira ofishin shugaba ba.

Alƙaluman da ake jifan juna da su

A watan Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kod a kamfaninsu na'ura ce ke samar da shi, sannan injiniyoyi su duba su amince. Rabin jimlar na biyu shi ne masu yaɗa labarin kan yar a hanya. A Afrilun 2025 Satya Nadella na Microsoft ya ambaci kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Wata guda kafin nan Dario Amodei na Anthropic, kamfanin da ya yi Claude Code, ya yi hasashen cewa cikin wata uku zuwa shida na'ura za ta riƙa rubuta kashi 90 cikin 100 na kod. Mutanen nan sun san abin da suke faɗa, amma kada a manta su ne masu hajar. Ban taɓa jin mai fura ta ce furarta ta kwana ba. Ƙari a kan haka, yawan layukan kod ba shi ne yawan aiki ba, kamar yadda yawan bulon da aka buga ba shi ne gini ba.

Gwaje-gwajen da aka yi sun saɓa wa juna, kuma saɓanin yana da ma'ana. A 2022 GitHub ya ba wasu injiniyoyi ƙaramin aiki guda, tsararre, wanda za a fara daga farko. Masu amfani da Copilot sun fi waɗanda ba su yi amfani da shi ba sauri da kashi 55 cikin 100. A Yulin 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta fitar da nata: gogaggun injiniyoyi 16, ayyuka 246, a kan manyan manhajojin da suka daɗe suna kula da su. Kafin a fara sun zaci na'urar za ta rage musu kashi 24 cikin 100 na lokaci. Da aka auna, sai aka ga ta ƙara musu kashi 19. Abin da ya fi ɗaure kai, bayan an gama ma sun yi imanin ta sa sun yi sauri da kusan kashi 20. Mutum 16 ba su da yawa, kuma na'urorin sun ƙara ƙarfi tun daga lokacin, don haka ba hujja ce ta yanke hukunci ba. Amma ta nuna jin sauri daban, saurin daban.

Binciken shekara-shekara na 2025 na Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya fi kama da abin da nake ji a bakin abokan aiki: kashi 84 cikin 100 suna amfani da ita ko suna shirin farawa, amma waɗanda ba su yarda da ingancin amsarta ba, kashi 46, sun fi waɗanda suka yarda, kashi 33. Babban ƙorafinsu shi ne amsar da ta kusa daidai amma ba ta kai ba. Kuskure bayyananne ba ya cin lokaci. Mai kama da daidai shi ke cinye yini.

Wa ya kori ma'aikatan?

Masu cewa an gama suna nuna sallamar ma'aikata a matsayin shaida. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami kusan 11,000 a Nuwamban 2022. A Janairun 2023 Amazon ya sanar da 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. A duba kwanan watan da kyau: sallamar Meta ta riga fitowar ChatGPT da makonni, sauran kuma sun zo ne lokacin da ba ta wuce wata biyu a duniya ba. Babu kamfanin da ya maye gurbin mutum dubu goma da abin da bai ma gama gwadawa ba.

Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin yana wani wuri. A lokacin korona duniya ta koma intanet, kamfanonin suka ɗibi ma'aikata kamar ba gobe, da zaton haka rayuwa za ta ɗore. Kuɗin ruwa a Amurka yana daf da sifiri, masu zuba jari na watsa kuɗi ga duk wanda ya zo da tunani. Daga Maris ɗin 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, zuwa Yulin 2023 ya haura kashi 5 cikin 100. Kuɗi ya yi tsada, masu jari suka fara tambayar riba. Akwai kuma wata dokar haraji da ba a cika ambata ba, sashe na 174, wadda daga 2022 ta hana kamfanonin Amurka cire albashin masu haɗa manhaja daga lissafin haraji a shekara guda, sai a rarraba shi kan shekara 5 in a cikin gida aka yi aikin, shekara 15 in a waje ne. A Yulin 2025 aka janye ta ga na cikin gida, aka bar ta ga na waje. Wanda ke yi wa kamfanin Amurka aiki daga Kano ko Yamai ya riƙe wannan a ransa.

Wannan ba wanke AI ba ne gaba ɗaya. Sallamar da Microsoft ya yi a 2025, kusan 6,000 a Mayu da kusan 9,000 a Yuli, ta zo ne a daidai lokacin da kamfanin ke zuba biliyoyin daloli wajen gina cibiyoyin sarrafa bayanai. A nan ba lallai na'ura ta gaje kujerar mutum ba, kuɗin albashinsa ne aka karkatar wajen sayen na'urar. Ga wanda aka sallama yana da yara uku, bambancin ba ya sayen ko mudun shinkafa. Sai dai yana da amfani ga mai son sanin ko guguwar mai wucewa ce. Kuma a sani, ya fi wa shugaban kamfani daɗin baki ya ce fasaha ce ta sa ya rage mutane a kan ya ce ya yi kuskuren lissafi.

Matakalar farko ce ta karye

A ganina nan ne ainihin ɓarnar take, kuma nan ne amsar ƙanina. A watan Agustan 2025 masu bincike a jami'ar Stanford, ƙarƙashin Erik Brynjolfsson, sun bi bayanan biyan albashi na miliyoyin ma'aikatan Amurka. Sun ga masu rubuta manhaja 'yan shekara 22 zuwa 25 sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100 daga ƙarshen 2022, alhali manyansu ba su ragu ba. Masana na gardama kan kason da ya rataya a wuyan AI da wanda ya rataya a wuyan tattalin arziki, amma kowa ya yarda ƙofar shiga ta tsuke.

Duk wanda ya taɓa kai yaro garejin bakanike ya san tsarin. Shekarar farko wankin noti da fetur ne da miƙo sifana. Ba don oga na buƙatar mai miƙo sifana sosai ba, sai don a nan kunnen yaro ke koyon bambanta ƙarar inji mai lafiya da marar lafiya. Haka wajen tela, da guga da sa maɓalli ake farawa kafin a ba ka almakashi ka taɓa shaddar mutane. Sana'armu ma haka take. Sabon shiga ana ba shi ƙananan gyare-gyare, da rubuta gwaji, da aikin maimaici mai gundura. To waɗannan su ne na'urar ta fi iyawa. An samu injin wankin noti, oga ya ce ba ya buƙatar yaro. Yau ya ci riba. Bayan shekara goma, wa zai saurari ƙarar injin?

Kuma matsalar ta girmi ChatGPT. Kamfanin Andela, da aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasan Afirka su yi wa kamfanonin duniya aiki, ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Satumban 2019, yana mai cewa abokan cinikinsa gogaggu suke nema. Kasuwar ta daɗe ba ta son ɗawainiyar raino. AI ta ba ta uzuri ne mai ƙarfi.

Masu kwantar da hankali kan kawo tarihi, kuma suna da abin faɗa. Da IBM ya fito da harshen FORTRAN a 1957, an ɗauke shi a matsayin hanyar da kwamfuta za ta rubuta wa kanta umarni. Harshen COBOL na 1959 an tsara shi ya yi kama da Turancin yau da kullum. Duk lokacin da aka sauƙaƙa aikin, masu yin sa ƙaruwa suka yi, saboda abin da ya yi arha buƙatarsa kan yawaita. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin karanta hoton asibiti domin na'ura za ta gaje su, ga shi har yau ana neman su ido rufe. Na yarda da wannan, amma da sharaɗi. Tarihi yana magana ne kan jimillar ma'aikata bayan shekara ashirin. Bai yi wa wani mutum guda alƙawarin albashin watan gobe ba.

Inda iyali suka shigo lissafin

Idan na'ura ta rage maka sa'a biyu a yini, wa zai ci sa'o'in nan? Wannan ita ce tambayar mai iyali. A takarda ya kamata su zama naka: ka ɗauko yara daga makaranta, ka ji haddar 'yarka, ka kai mai ɗaki awo. A aikace, da zarar kowa ya samu makamin, sai a ɗaga ma'aunin. Aikin da ake ba mako guda ya koma kwana biyu. Wa'adi ya matso. Kod ɗin da za ka duba ya ninka, domin abokan aikinka ma na'urar ke zubo musu. Ka fita daga marubuci ka koma mai gyaran jarrabawa, kuma karatun rubutun wani da idon neman kuskure ya fi rubuta naka gajiyar da ƙwaƙwalwa.

Sai kuma gudun sabunta ilimi. Sana'ar ta saba cin daren mutum, amma da can sabon abu kan ɗauki shekara biyu ko uku kafin ya zama dole. Yanzu kusan kowane wata da sabon makami. Saurayi ɗan shekara 24 zai kwana yana gwada shi, Asabar da Lahadi ma nasa ne. Kai kuwa ƙarfe tara na dare kana jijjiga mai zazzaɓin haƙori. Da safe ka buɗe waya ka ga kowa na maganar abin da ba ka taɓa ji ba, sai gabanka ya faɗi. Wannan faɗuwar gaba ta fi na'urar kanta cin ran iyaye a sana'ar. Ni abin da na lura, yawancin abin da ake wa ihu a watan Janairu kafin Yuni an manta da shi. Wanda ya jira ƙura ta lafa ya koyi abin da ya tsira cikin kwana uku bai yi asarar komai ba. Rashin lokaci kan tilasta wa uba ko uwa wannan haƙurin, kuma sau da yawa ya zame musu alheri.

Claudia Goldin, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta daɗe tana bayanin wani nau'in aiki da ta kira mai haɗama: wanda ke biyan lada mai tsoka ba don yawan sa'o'i kawai ba, sai don a same ka duk lokacin da aka neme ka. Idan aka haihu, dole ɗaya daga cikin ma'aurata ya zama wanda gida zai samu duk lokacin da ya neme shi, kuma kusan kullum macen ce. Ko a Denmark, mai kyakkyawan tsarin renon yara, bincike ya nuna kuɗin shigar mata kan ragu da kusan kashi 20 cikin 100 bayan haihuwar fari kuma ba ya dawowa daidai, na maza kuwa ko gezau. Aikin manhaja yana da wannan haɗamar, musamman ga wanda ke riƙe da wayar gaggawa, wadda in rumbun bayanai ya faɗi cikin dare shi za a tasa.

Mai jego ita ce a tsakiyar wutar. A Amurka babu dokar tarayya ta hutun haihuwa da albashi, dokar 1993 mako 12 ta bayar ba biya, sai abin da kamfani ya ga dama. A Najeriya dokar ƙwadago mako 12 ce da aƙalla rabin albashi, ma'aikatan tarayya na samun mako 16, jihohi irin su Legas da Kaduna sun kai wa ma'aikatansu wata shida, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa maza da kwana 14. Wata abokiyar aikina ta tafi haihuwa, ta yi arba'in a gidansu, ta ƙara 'yan watanni, ta dawo ta tarar salon aikin tawagar gaba ɗaya ya sauya. Ta ce min, "Malam, kamar na yi shekara uku ba na nan." Bayan mako biyu ta kamo su. A mako na uku ita ce ta gano wata ɓaraka da na'urar ta shigar, wadda samari biyu suka duba suka wuce. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya kusa kayar da ita ba makamin ba ne, tsoron kada a ce ta yi baya ne, har ta riƙa amsa saƙon aiki tana shayarwa.

Ban ce babu alheri ba. Wahalar iyaye a wannan aiki ita ce gutsurarren lokaci. Kod yana son nutsuwa mai tsawo, yaro kuma ba ya barin ka yi minti arba'in a jere. Da can in aka katse ni, sai in yi minti ashirin ina neman inda zaren tunanina ya tsinke. Yanzu nakan ce wa na'urar ta tuna min inda muka tsaya, ko in ba ta aiki in tafi ɗauko yara daga Islamiyya in dawo in duba. Wannan sauƙi ne na gaske. Sharrinsa shi ne tunda ana iya aiki a ko'ina cikin minti goma, sai aikin ya bi ka har kan tabarmar cin abinci. Ranar nan ina duba waya 'yata na karanto min hadda, ta tsaya ta ce, "Abba, na yi kuskure tun ɗazu ba ka gyara ba." Da gangan ta yi, gwada ni take.

Wani abin da ya haɗu da wannan shi ne janye aikin gida. Amazon ya umarci ma'aikatansa su koma ofis kwana biyar a mako daga Janairun 2025, wasu suka bi sahu. Lokacin da ake rububin injiniyoyi ba wanda ya isa ya yi haka. Da kasuwa ta juya, ƙarfin ciniki ya bar hannun ma'aikaci, kuma abin da ya fara salwanta shi ne sassaucin da iyaye suka gina rayuwarsu a kai.

Mai aiki daga Kano ko Kaduna

Namu lissafin yana da nasa ƙarin. Wanda ake biya da dala ya ga albashinsa ya kumbura a naira tun da aka saki kuɗin a Yunin 2023, daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Dangi ma sun gani. Albashi guda kan ɗauki gida uku, don haka in ya tsaya ba mutum ɗaya ne ya faɗi ba. Gefe guda ga kuɗin sola da inbata da data, ga fetur tun bayan cire tallafi, ga wutar lantarkin rukunin A, na masu samun wuta mafi yawa, da ta koma naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, ga kuɗin makaman AI ɗin kansu, dala 10 ko 20 duk wata kowanne. Yawancinmu kuma 'yan kwantiragi ne a takarda. Babu fansho, babu hutun haihuwa, saƙon imel guda ya isa ya rufe shafin.

Sai agogo. Tsakaninmu da Kalifoniya sa'a 8 ne ko 9, ya danganta da lokacin shekara. Ƙarfe taran safiyarsu biyar ko shidan yammarmu ce. Wato mitin yana faɗowa ne daidai magariba da isha, lokacin da gida ke haɗuwa. Wanda ke aiki da Turai bai san wannan azabar ba, shi ya sa na san masu iyalin da suka karɓi albashi ƙasa da na Amurka don kawai su ci tuwon dare da yaransu.

Muna da abin da takwarorinmu na can ba su da shi, wato kaka da gwaggo da ƙanwar mata. Renon da ke cinye kaso mai tsoka na albashin injiniya a San Faransisko, a nan dangi ke ɗauka, ko da yake shi ma ba kyauta ba ne, wata mace ce ke biya da lokacinta.

AI ta zo mana da fuska biyu. Ta rage shingen Turanci, ta zama malamin da ba ya gajiya da tambaya ga yaron da ba shi da wanda zai tambaya a garinsu. Amma ƙananan ayyukan da ake turowa ƙasashe masu arhar ma'aikata, haɗa shafin intanet, gyaran fuskar manhaja, su ne farkon waɗanda mai aikin zai ce bari ya gwada da kansa. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, da burin horar da mutum miliyan uku, niyya ce mai kyau. Damuwata ita ce horon 'yan watanni yana ajiye mutum ne daidai kan matakalar da ta karye. In babu inda zai zauna kusa da tsohon hannu ya yi shekara biyu yana kuskure ana gyara masa, takardar shaida ce kawai za ta ƙaru a gida.

To yaran fa, su koya ko kada su koya?

A Fabrairun 2024, a wani taron gwamnatoci a Dubai, Jensen Huang na Nvidia ya ce zamanin cewa dole kowane yaro ya koyi rubuta kod ya wuce, domin harshen mutum shi ne zai zama harshen umartar kwamfuta. Shi ma mai haja ne, kamfaninsa ke ƙera ƙwaƙwalwar da na'urorin nan ke aiki da ita. Akwai gaskiya a maganarsa: haddace ƙa'idojin wani harshen kwamfuta ba zai ƙara ciyar da kowa ba. Amma wanda bai iya karanta kod ba, ta yaya zai gane ranar da aka rubuta masa abin da zai cire kuɗin mutane sau biyu? Kalkuleta ba ta sa an daina koyar da lissafi a firamare ba.

Ƙanina na ce masa kada ya canja kwas, amma ya daina zaton digirin kaɗai zai buɗe masa ƙofa kamar yadda ya buɗe wa na gabansa. Na ce duk aikin makaranta ya fara yi da kansa har ya cije, sannan ya tambayi na'urar, ba akasin haka ba. Na kuma ce ya nemi matsala ta gaske da ke damun wani mutum, ba ta gwaji ba. Akwai kawunmu mai shagon atamfa a Kantin Kwari da har yau littafi uku yake riƙe bashi da su, ɗaya na 'yan Agadas, ɗaya na 'yan Maiduguri, ɗaya na cikin gari, kuma shi kaɗai ya san wanda ake ɗaga wa ƙafa da wanda ba a ɗaga wa. Babu na'urar da aka horar da wannan. Yaron ya je ya yi sati biyu a shagon. Manhajar farko da ya haɗa cikin kwana ɗaya kawu ya duba ya ture, ya ce a ina zai rubuta wanda ya biya rabi da kuɗi rabi da kaya. Yanzu yana kan ta huɗu, kuma ya ce min ya fi sanin cinikin atamfa a kan yadda ya taɓa so ya sani.